Kaset-kaset ɗina sun cika ɗaki: in sayar ko in bari?

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda zai amsa ya daure ya karanta har ƙarshe.

Tun ina saurayi nake tara kaset. Na makaɗan gargajiya sun fi yawa, su Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya da Ɗan Anace, da wasu ƙananan makaɗa da sunansu bai wuce garuruwansu ba. Sai na tafsiri, sai waɗanda na ɗauka da kaina daga rediyo ko a wurin biki. Akwai manyan rakoda biyu, National da Sharp, da wata 'yar ƙarama ta hannu. Komai yana jibge cikin kwalaye a ɗakin soro. Ba ƙin su na yi ba, sha'awar ce ta kwanta, rabona da in saka kaset in zauna saurare an daɗe ƙwarai.

Yanzu babban yarona ya gama makaranta, har yau a falo yake kwana da ƙannensa, kuma ɗakin nan shi ya dace a ba shi. Wani dillali ya zo ya leƙa, ya ce zai kwashe duka har da rakodojin, ya yi tayin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Uwargida ta ce in sallama. Ni kuma zuciyata ta ƙi. Wanda ya taɓa rabuwa da abin da ya daɗe yana tarawa, yaya ya yi?

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni ɗan kasuwa ne, bari in gaya maka yadda muke lissafi. Kayan da ya shekara a shago bai motsa ba, kuɗin hayar wurin da ya tare yake ci. Naka ma ya fi haka, don ɗakin ɗanka yake ci. Kuɗin da ka kashe wajen sayensu ka riga ka more shi lokacin da kake saurare, kada ka sa ran wani zai mayar maka da shi. Tunda har ka samu mai taye, sallama masa. Baɗi ba lallai ka samu ko mai tayen ba.

Abban Sadiq:
Baba duk waɗanda ka lissafa suna YouTube fa. In ba ka son ɓata data, ka shiga Farm Centre, 'yan turi za su cika maka memori guda da su ka saka a waya. Ban ga abin wahala a nan ba.

Mai Gyaran Rediyo Fagge:
Ɗana Abban Sadiq, wasu suna can, ba duka ba. Ka sake duba abin da ya rubuta: akwai waɗanda ya ɗauka da hannunsa a wurin biki. Wannan babu shi a memorin kowa.

Alhaji, abu na farko, kada ka sayar da rakodojin nan yanzu. Na san irin dillalan nan, a layinmu suke yini. Rakodar yake so, kaset ɗin gyara ne kawai, ƙarshenta ya zube su a bola ko ya bar wa 'yan gwangwan. In rakodar ta fita daga hannunka, ka rasa hanyar da za ka ji abin da ke cikin kwalayen, balle ka kwafe shi. Ita za ta fita ƙarshe, ba farko ba.

Na biyu kuma, ajiyar da kake yi ba tsira ba ce. Zaren kaset leda ce aka shafa wa garin ƙarfe, zafi da laima suna sa garin ya riƙa saki. Ɗakin soro mai rufin kwano a Kano, watan Afrilu da zafi ke haura maki 40, sannan damina ta zo da danshinta, kowace shekara sautin raguwa yake. Akwai ɗan soson da ke tallafe zaren a bakin kaset, gam ɗinsa yana bushewa ya faɗi. Bel ɗin rakoda shi kuma in ya daɗe ba a kunna ba narkewa yake ya zama baƙi mai danƙo. Saboda haka wanda ya ce ka bari kawai bai taimake ka ba, wanda ya ce ka kwashe wa dillali a yau shi ma bai taimake ka ba.

Maman Ilham:
Ni dai ina bayan uwargida, kuma zan faɗi dalili. Ita ke share ƙofar ɗakin nan, ita ke fama da kyankyaso da ɓeran da ke fitowa daga kwalayen suna shiga kicin, ita ke ganin ɗanta saurayi yana naɗe tabarma a falo kowace safiya. Kuma ku maza ku ji tsoron Allah, in kayanku ne sai ku ce tarihi, in namu ne ku ce tarkace. Iyayenmu mata nawa aka sa suka fitar da kwalla da samira da tangaran ɗin da suka shekara ashirin suna jerawa, don a samu wurin ajiye firji? Wa ya tara mutane a yi muhawara a kai?

Ni ma na yi tari. Littattafan soyayya ne, tun ina sakandare, jakar bakko biyu cike. Da muka tashi daga gidan haya na buɗe ta ƙasa na tarar gara ta gama da rabi. Sauran na kira wata yarinya a unguwarmu mai ba da haya, na ce ta zaɓa, na bar kaɗan da nake jin zan sake karantawa. Raina ya sosu ranar, ba zan ɓoye ba. Amma yanzu in na wuce na ga 'yan mata riƙe da su sai in ji daɗi.

Baban Hafsat:
Hajiya gaskiyarki, kuma ban ɗauki maganar uwargida da wasa ba. Ɗakin dole a fitar da kaya daga cikinsa, wannan babu ja. Inda za su nufa ne damuwata.

Basakkwace:
Malam, bari in ba ka labarin abin da ya same mu, kai ka auna. Mahaihinmu, Allah shi jiƙan shi, mutum ne mai son rediyo. Tun zamanin da sashen Hausa na BBC bai daɗe da buɗewa ba, ka san 1957 anka fara, shina saurare shina rubuta musu wasiƙa. Daga baya da rakoda ta zo ya riƙa ɗaukar shirye-shirye, da wa'azin malamman garinmu, da kiɗin noma in an yi gayya. Kowane kaset da rubutun hannunshi a kai. Bai taɓa cewa kowa ga yadda za a yi da su ba.

Da ya rasu ina wurin aiki a kudu. Bayan kwana arba'in anka zo rabon gado, masu ƙiyasta kaya sunka ce wanga ba ya da ƙima, sai rediyoyin kaɗai anka sa ma kuɗi. Kahin in dawo, yara sun kira mai gwangwan ya kwashe. Ban ga laihin 'yan uwana ba, ba su san mi ke ciki ba, gidan kuma ana son a raba. Amma muryar tsohonmu tana cikin wasu, don shi kan yi magana kahin shi fara ɗauka, shi faɗi rana da wuri. Yau ko ɗaya ba mu da shi.

Abin da nike son ka gane, in kai ba ka yanke hukunci ba kana da rai, wani zai yanke bayanka, kuma cikin gaggawa zai yi.

Ɗan Kwari:
Allah ya jiƙan Baba. Amma ai maganarka ta ƙara ƙarfafa tawa ce. Gara ya karɓi kuɗinsa da hannunsa.

Basakkwace:
Amin. A'a Alhaji, ba kuɗin nike kuka ba. Ko sisi ba mu buƙata ba. Ni cewa ni yi shi zauna shi tantance.

Abu Huzaifa:
Ina mamakin yadda kowa ke maganar farashi ba wanda ya tambayi hukunci. Kaset ɗin kiɗa ne fa. In Allah ya cire maka sha'awarsa, godiya za ka yi, ba ka miƙa wa wani ya ci gaba da ji kana karɓar kuɗi ba. Ka ware na tafsiri, sauran ka ƙone.

Malam Na-Zariya:
Ɗan'uwa Abu Huzaifa, Allah ya saka da alheri da tunatarwa, amma a bi a hankali. Gaskiya ne mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, suka togace ganga mai fuska ɗaya a wurin aure da makamancinsa. Gaskiya ne kuma akwai waɗanda suka saɓa musu, irin su Ibn Hazm, kuma har yau malaman ƙasar nan ba bakinsu ɗaya ba a kai. Wanda ya gamsu da haramci, to kada ya sayar, don abin da ka yarda haram ne ba ka cin kuɗinsa. Wanda yake bin ɗaya fahimtar, ya tambayi malamin da ya amince da shi. Ba a wannan zauren za a kashe wannan magana ba. Sannan a cikin kwalayen akwai muryoyin mutane da labarai da ba kiɗa ba, ba a cewa a ƙone su a dunƙule.

Abin da nake son in ƙara wa Baban Hafsat shi ne abubuwa da ba a cika saɓani a kansu ba.

Zakka ba ta hawa kan kayan da mutum ya saya don amfanin kansa, ko da daga baya ya yi niyyar sayarwa. A mazhabar Malikiyya, in ya sayar, kuɗin sabuwar dukiya ce, sai ta cika nisabi ta kuma shekara a hannunsa. Don haka kada wani ya tsorata ka da cewa ka tara bashin zakka.

In za ka sayar, aibin kaya dole a faɗe shi. Rakodar da ke tauna zare, ka ce tana tauna zare. Hadisin wanda ya yi algus ba ya cikinmu sananne ne, yana cikin Muslim.

Abin da ya faru da ɗan'uwanmu na Sakkwato kuma yana da magani. Wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji. In kana son wani daga 'ya'yanka ya riƙe wani abu, kyauta za ka yi masa yanzu, ya karɓa ya zama a hannunsa kana da rai da lafiya. Kyautar baki da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu, komawa take cikin gado. Mutane da yawa ba su san wannan ba, shi ya sa ake rigima a kan "ai Baba ya ce nawa ne".

Abu Huzaifa:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Ni dai ina kan fahimtata, kuma nasiha na yi.

Mai Unguwa (mai kula da zaure):
An gode muku duka. A bar maganar hukuncin kiɗa a nan, kowa ya faɗi nasa cikin mutunci. A koma kan tambayar mai tambaya.

Ɗalibar Hausa:
Baba ina wuni. Ina karatun digiri na biyu a fannin adabin baka, kuma da na ga rubutunka sai da gabana ya faɗi a kan tayin dillalin nan.

Manyan makaɗan ba su ne abin tsoro ba. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, an yi rubuce-rubuce a kansu, gidajen rediyo sun ɗauke su, waƙoƙinsu da yawa suna hannun mutane. Ko da yake su ma, wasan da aka ɗauka a gidan biki daban yake da na situdiyo, don makaɗin baka ba ya maimaita waƙa iri ɗaya sau biyu, yana ƙara ɗiya yana ragewa gwargwadon waɗanda ke zaune a gabansa. Amma waɗanda ka kira ƙananan makaɗa, su ne muke nema ruwa a jallo. Makaɗin noma na ƙauye, mai kiɗan mahauta, mata masu amada a cikin gida, mai gurmi da ke yawo kasuwa-kasuwa. Da yawansu sun rasu ba wanda ya ɗauke su sai irinku masu rakodar hannu. Mukan je ƙauye neman waƙar mutum, 'ya'yansa su ce ai babu, sai dai su rera mana baiti biyu da suka tuna.

Akwai wuraren da aikinsu ke nan: cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, Gidan Ɗan Hausa nan Kano, Arewa House a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ka je ka yi magana da su, ka ji yadda suke karɓa da yadda suke adanawa. Shawarata dai, ko wa za ka ba, ka fara riƙe kwafinka, kuma a rubuta abin da ka bayar a sa hannu.

Anti Maman Ilham, littattafan nan ma haka ne. A 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a a Kano, ana ganin ba su da amfani, alhali a makarantar SOAS ta Landan an tara su an jera ana nazari. Yanzu marubuta sun koma WhatsApp da Wattpad, bugun farko na shekarun 1980 da 1990 samunsa sai an sha wuya.

Maman Ilham:
Ƙanwata, to ai ba mai ƙosai na ba ya naɗe ba, masu karatu na ba. Littafi in ana karanta shi ai bai ɓata ba.

Ɗan Kwari:
'Yata, maganarki mai daɗi ce, amma mu faɗa wa juna gaskiya. Mutum ya ɗauki kwalaye ya kai ofis, a ce masa oga ba ya nan, a ajiye a lungu ƙura ta rufe, wane bambanci da ɗakin soronsa? Sannan wannan kwafewar da kuke ta faɗa, wa zai zauna ya yi? Da wace wutar? Mutumin nan yana da aiki da iyali. Kuna ɗora masa aikin shekara a kan abin da shi da bakinsa ya ce sha'awarsa ta kwanta.

Mai Gyaran Rediyo Fagge:
Alhaji Ɗan Kwari ka taɓo wuri mai muhimmanci, don kwafar kaset ba ta da gajeriyar hanya. Yadda yake juyawa haka za ka jira shi. C60 awa guda ne, C90 awa ɗaya da rabi. Shi ya sa ban ce a kwafe duka ba. Waɗanda aka saya a Ƙofar Wambai ko Bata, masu hoton mawaƙi a jiki, an buga dubbai irinsu, a bar su su tafi. Waɗanda ke da rubutun biro a jiki, TDK ko Maxell ko Sony da aka saya babu komai aka ɗauka a kai, su ne abin zama. Na tabbata in ya ware ba za su wuce kwali ɗaya ko biyu ba.

Yadda ake yi ba wuya. A canza wa rakoda bel, a goge kanta da auduga da sifirit. A samo wayar da za ta fito daga wurin iyafis ta shiga kwamfuta. Yawancin laftof na yanzu rami ɗaya ne da su, sai an haɗa da 'yar na'urar sauti ta USB, ba ta da tsada. Akwai manhajar ɗaukar sauti ta kyauta mai suna Audacity. A ajiye sautin a tsarin WAV tukuna, minti ɗaya yana cin kusan MB 10, wato C90 guda ya kusa MB 900. Daga baya a yi MP3 don waya. Kwafi biyu, wuri biyu daban, kada a dogara da filas ɗaya. Kafin a saka kowane kaset, a ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na samansa, don ko hannu ya kuskure ya danna jan maɓalli ba zai goge ba. A ɗauki hoton rubutun jikinsa da waya. Kuma a nisanta su da manyan lasifika, maganaɗisu ne a ciki.

Wuta kuwa, laftof da cajinsa, rakoda da batir ko 'yar sola, an wuce wurin. Yaron da za a ba ɗakin shi ya kamata ya yi aikin, kullum kaset ɗaya bayan isha'i.

Mai Barga:
Ni ba kaset ba ne nawa, doki ne, amma ciwon ɗaya ne. Na taso ina hawa, Hawan Daushe da na Nasarawa ba sa wuce ni. Bayan cire tallafin mai a 2023, harawa da dusa da gero suka fi ƙarfina, ga kuɗin makarantar yara. Na sayar da dokin ina hawaye, na ce kayan dai ba zan taɓa ba: sirdi, linzami, ragama, jalala, likkafa, ƙaimi, duk na naɗe na ajiye.

Abin da na gani shi ne kayan doki ba sa son zama. Fata in ba a shafa mata mai ana lanƙwasa ta, bushewa take ta tsage. Asu yana shiga jalala. Ga shi kuma tun 2024 ake ta dakatar da hawa a Kano, duk da a ƙarshen shekarar ne UNESCO ta saka hawan cikin al'adun duniya. Na kai wasu Kasuwar Kurmi aka yi mini tayin da ya ɓata mini rai, na dawo da kayana. Ƙarshe wani yaro a unguwarmu da ya sayi ɗan doki ya zo yana ta zagaye, na sayar masa da sirdin da linzamin ƙasa da tayin kasuwa, yana biya kaɗan-kaɗan. Likkafar kakana ce kawai na riƙe, ita ko nawa za a ba ni ba zan sayar ba.

Abin da zan ce maka Yaya, wanda ka sayar wa ya fi nawa ka sayar muhimmanci a wurina. Dillali ba ya jin abin da kake ji. Nemi wanda abin ke ransa.

Lauya Kaɗan:
Mai Barga, ka yi daidai da ka riƙe likkafar, kuma a kula: dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ɗauki aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi. Irin wannan ba a sayar wa kowa sai wanda hukumar ta amince, ba a kuma fita da shi waje sai da izini. Masu tsofaffin takubba da sulke a gida su sani, don akwai masu bi gida-gida suna saye.

Ga Baban Hafsat kuma, sayar da kaset ɗin da ka saya haƙƙinka ne. Amma in an kwafe, kada yara su ɗora a YouTube suna karɓar kuɗin talla ba tare da sanin iyalan mawaƙin ba. A dokarmu haƙƙin waƙa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Iyalan makaɗa da yawa suna cikin hali, wasu can daban na cin abinci da muryar iyayensu.

Baban Hafsat:
Jama'a Allah ya saka muku da alheri. Jiya bayan la'asar ni da yaron muka buɗe kwalayen. Maganar mai gyara ta fito, na saye sun fi yawa nesa ba kusa ba. Masu rubutun hannu ba su cika kwali biyu ba. A ciki na ga wasu da na manta da su sam: saƙon da gwaggona ke aikowa daga Makka ta hannun alhazai, don ba ta rubutu, sai ta yi magana a kaset tana gaida kowa da sunansa. Akwai kuma na ranar sunan shi yaron, da wani mai kukuma ya yi wasa a ƙofar gida. Waɗannan ba na sayarwa ba ne, ko uwargida da ta gani ba ta ce komai ba.

Matsala ɗaya, kwalin da ke ƙasa ya sha laima, wasu sun yi fari-fari a jikin zaren. Ɗaya daga na gwaggo yana ciki.

Mai Gyaran Rediyo Fagge:
Fumfuna ce. Kada ka saka shi a rakoda, zai ɓata kan ya kuma shafa wa sauran. Kada ka wanke, kada ka shanya a rana. Ware su a wuri mai iska a inuwa, kuma ka rufe hanci in kana taɓawa. Ana iya kwance kaset a goge zaren a hankali a mayar da shi cikin wani gidan, amma aikin mai haƙuri ne, kuma ban yi maka alkawarin duka zai dawo ba.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da hira. Mu nan Nijar ma haka abin yake. Wani tsoho a unguwarmu yana da kaset na kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, yadda masu sharhi ke faɗa a rediyo da kirarin 'yan kokowa da kiɗinsu. Samari suka riƙa zuwa wurinsa suna saurare, ƙarshe su suka haɗa kuɗi aka kwafe masa, kowa ya samu a waya, shi kuma kayansa suna nan. Malam ka gwada sanarwa a unguwa, mai yiwuwa akwai masu so kusa da kai ba ka sani ba.

Ummu Aisha:
Baban Hafsat, na tafsirin fa? Mahaifiyata ba ta iya waya ba, har yau rakodarta take kunnawa da safe. In akwai na Malam Abubakar Gumi ko na Malam Nasiru Kabara, duk wanda aka samu tana so, zan saya.

Baban Hafsat:
Hajiya akwai duka biyun. Waɗannan ba zan karɓi kuɗinsu ba, a kai wa Mama ta sa mu a addu'a. Ki turo wanda zai karɓa, za mu yi magana ta gefe.

Ɗan Kwari:
To tunda an tsaya kan haka, ga tawa gudunmawar. Kada ka sayar a dunƙule. In an gama kwafa, a gyara rakodojin, ka yi bidiyo suna aiki, ka saka a Jiji ko Facebook, kowace da farashinta. Mai aiki da marar aiki ba kuɗinsu ɗaya ba. Ku haɗu da mai saye a wurin jama'a, kuma kada kaya su bar hannunka sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka, saƙon alat na bogi ya yi yawa. Kaset ɗin saye kuma ka haɗa su mawaƙi-mawaƙi, direbobin tsofaffin motoci da masu shayi har yanzu akwai masu nema. Abin da ya rage bayan wata guda, ka kira dillalin ya kwashe, ko nawa ya bayar. Har yanzu ina ganin wahalar ta fi ribar, amma kayanka ne.

Maman Ilham:
Duk na ji. Abu ɗaya ya rage, a sa rana. In ba a sa rana ba, kwalayen za su tashi daga soro su koma ƙarƙashin gadon uwargida, a ce ana kan kwafa, shekara ta zagayo. Yaushe yaro zai shiga ɗakinsa?

Baban Hafsat:
Ƙarshen watan nan in sha Allah. Kwali biyun da rakoda ɗaya za su zauna a ɗakin tare da shi tunda shi zai yi aikin, sauran za su fita. Sharp ɗin nake tunanin riƙewa.

Mai Gyaran Rediyo Fagge:
Kada ka zaɓa tukuna Alhaji, ka kawo su duka biyun shago ranar Asabar in buɗe in gani. Wadda kanta bai cinye ba kuma gudunta bai karkace ba ita za a riƙe, ko da ita ce mai munin jiki. Ka taho da kaset ɗaya na saye wanda ba ka damu da shi ba, da shi za mu gwada. Na gwaggo ka sako shi daban a ambulan.